Wanda Ya San Aibin Haja

Mako uku ke nan farashin hannayen jari yana zubewa. A ofishin dillalai allon farashi da ke bango ya yi jawur, alamar faɗuwa, duk wanda ya bugo waya maganarsa ɗaya ce, a sayar. Auta, ɗaya daga cikin dillalan, shi ne ya fara hango faɗuwar tun ana yi masa dariya, har abokan aiki suka laƙaba masa Baƙin Baki. Yanzu maganarsa ta tabbata, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba, domin akwai mutum ɗaya da ya kasa gaya wa, wato mahaifinsa.

Baba tsohon mai sayar da firji na hannu ne. Da ciwon ƙafa ya hana shi tsayuwa, ya sayar da shago ya zuba kuɗin kaf a hannun jarin wani kamfanin siminti. Ribar da ake rabawa ita ce cefanensa, ita ce maganinsa.

Ranar hutu Auta ya same shi yana gyaran fanka.

"Baba, kamfanin nan bashi ya yi masa katutu. A ganina ƙasa zai ci gaba da yi. Ka ba ni izini in sayar gobe, tun da sauran abin tsira."

"To, ai kai ne masani. Wa zai saya?"

"Ba a sani, Baba. Na'ura kawai ake dannawa."

"Shi mai sayen, za ka gaya masa abin da ka gaya mini?"

Auta ya fara dariya, sai ta maƙale. Ya tuna shagon. Baba ba ya karɓar kuɗin firji sai ya juya bayansa ya nuna wa mai saye tsatsa da inda aka yi walda. Mama ta sha cewa wannan halin ne ya hana su gina bene.

Auta ya ce, "Kasuwar ba haka take ba. Mai sayen ma yana da nasa hasashen."

"Ni dai ban taɓa sayar da ruɓaɓɓe a rufe ba, ba kuma da furfura zan fara ba. Samo wanda ya san aibin, in sayar masa."

Haushi ya kama Auta, tausayi kuma ya fi haushin yawa. Washegari ya daɗe yana kallon jan allon nan. Daga baya ya taɓa abin da yake tarawa don sayen fili, ya saye hannun jarin Baba da kansa.

Da yamma ya koma gida ya ce an samu mai saye.

Baba ya ajiye sukudireba. "Ka gaya masa komai?"

"Ya san komai, Baba."