Faifan da Ba a Yi wa Shela Ba

Idan kana son Siddiƙu ya ƙi abu, to ka yabe shi a gabansa. Haka Allah ya yi shi, aikinsa kuma ya ƙara masa. Shi da abokan aikinsa, masu rubuta wa kwamfuta manhaja a wani ofishin gwamnati a Sakkwato, sun sha wuya a hannun 'yan talla tun zamanin da kuɗin mai ke ambaliya. Mujalla za ta zo daga ƙasar waje da hoton na'ura tana ƙyalli, a yi odarta, ta iso, kafin a saba da ita ta mutu. Daga nan suka kafa wa kansu doka: duk kayan da aka yi wa talla, akwai abin da ake ɓoyewa. Ko wayar wuta ba sa saye sai wadda ɗan'uwansu ya raɗa musu a kunne.

Ana nan sai gwamnatin soja ta yanke sabuwar jiha, aka zauna rabon kaya. Kujeru, motoci, har fankoki. Kwamfutar Siddiƙu ta faɗa a rabon 'yan sabuwar jihar. A cikinta kuwa akwai aikin da ya kashe shekaru a kansa, manhajar da ke duba ruwan saman da aka yi, ta faɗi lokacin da Gulbin Rima zai cika ya hau fadamu, domin a gargaɗi manoma. In motar kaya ta zo bai kwashe aikin a faifai ba, shi ke nan, can za su share komai su zuba nasu. Faifan ofis kuma rabo ya riga ya tafi da su.

Duk garin mutum ɗaya aka sani da faifan kwamfuta, kuma kawunsa ne, Alhaji Dodo mai atamfa na Ƙofar Taramniya. Sarin yadi ya je Legas, wani ya ce masa ga kayan zamani, ya haɗo da su. Da ya dawo sai ya yi musu abin da yake yi wa sabuwar atamfa. Ya ɗauko Garba sankira, mai shelar kasuwa, ya tura shi har ƙofar ofishin.

"Ina ma'abota kwamfuta!" in ji Garba, yana ɗaga faifai sama kamar mai gwanjon hula. "Kaya sun zaka! Na Alhaji Dodo na, ɗan Taramniya, wanda ba a taɓa maido mai kaya ba!"

Kunya ta kama Siddiƙu har cikin ƙashi. Abokan aiki suka yi ta ƙyaƙyata dariya ta taga. Shi kuwa ban da kunya har da zargi. Me mai atamfa ya sani game da faifai? Kuma in kayan na ƙwarai ne, me ya kawo wannan hargowa? Lalle an cuci tsohon a Legas, yana neman wanda zai juye wa. Ya rantse a ransa ba zai zuba wahalar shekaru a abin da sankira ya yi wa kirari ba.

Kashegari wani dillali mai suna Hayatu, wanda ke zama a gindin dogon yaro kusa da ofishin, ya tare shi. Bai ɗaga murya ba, sai da ma ya waiga hagu da dama.

"Malam, in faifai kaka biɗa, akwai wasu. Waɗanga ba a kai su kasuwa."

"Na wa ne?"

"Mai su bai son a ambace shi."

Wallahi wannan maganar ce ta saye Siddiƙu. Ba shela, ba kirari, ba suna. Ya karɓi fakiti ya shinshina, ya ji ɗan warin danshi, ya ce ai kayan da suka sha jirgin ruwa ba za su rasa wannan ba. Mutumin da ke zargin kowa, ka ji abin da ya gaya wa kansa. Ya gwada na sama, ya yi aiki sumul.

Ranar da motar kaya ta zo, soja na tsaye a kansa yana buga ƙafa. Siddiƙu ya yi ta cusa faifai yana zarewa, gumi na zuba, har ya gama. Aka naɗe kwamfutar a bargo aka fita da ita. Ya rungume fakitin a ƙirji ya yi hamdala.

Sai da ya sami aron wata kwamfuta a wani ofishin sannan ya zauna ɗora aikin. Na farko ya karanta. Na biyu ya yi ƙara ya tsaya. Na uku haka, na huɗu haka. Ya ɗaga ɗaya a hasken taga ya leƙa ta tsagar, sai ga ɗigo-ɗigon fumfuna a jikinsa. Ya fita neman Hayatu, masu shayi suka ce ai dillalin Alhaji Dodo ne, ya duba Taramniya.

Ya tarar da kawun nasa a shago yana ninke atamfa. Ko zama bai yi ba.

"Kawu, faifan da Hayatu ke sayarwa naka ne?"

"Nau na," in ji Alhaji, ko a jikinsa. "Katan guda ruwa ya taɓa shi cikin mota. Na shanya su sunka bushe, na ba Hayatu ya sallama su ta baya, kamar yadda muka yi ma atamfar da ta jiƙa. Ai in ta bushe ana ɗaurawa." Sai ya ɗago ya dubi fuskar Siddiƙu, hannunsa ya tsaya cak. "Kai, ba dai kai ka saye ba?"

Siddiƙu ya ajiye fakitin Hayatu a gabansa.

"Subhanallahi! Siddi, ba a shagon ga ka yi wayo ba? Kayan da anka kai bakin sankira, sunana ka bisa. In sun ɓaci, ni za a zaga cikin kasuwa. Wanda ba ni iya sa ma suna, shi ka hita shiru."

Ya sani. Abin takaicin ke nan, ya sani tun yana ƙarami, ya sha ganin bandir mai tabo na fita ta ƙofar baya a kafaɗar dillali. Mujallun ƙasashen waje ne suka koya masa gudun shela, ya gudu har ya wuce ƙofar gidansu.

Alhaji ya jawo aljihun tebur ya fito da fakiti sabo dal, a cikin ledarsa.

"Wanga naka na. Tun randa Garba yat tahi ohishinku nika aje da shi, ina jiran ka zaka ka amsa." Ya danƙa masa a hannu. "Kar ka damu, ka sake zuba aikin ciki. Ni ma jira nikai, don bana na shuka shinkaha mai yawa a hwadama. Yaushe na'urar taka ta ce gulbi ka cika?"

Siddiƙu ya dubi faifan da ke hannunsa, lafiyayyu, babu komai a cikinsu, kuma babu abin da zai zuba.

"Ban sani ba, Kawu," ya ce.