Tafin Hannu a Siminti

Shekara ɗari huɗu gidan Penhallow yana tsaye a tsakiyar makiyaya, sai a zamanin Hester, uwargidan da ke cikinsa yanzu, duwatsun bangonsa suka fara zuba kamar gari. Gidan tarihi ne, hukuma ta hana a rushe ko da kusurwa ɗaya.

Aldous magini ya ƙwanƙwasa bangon da guduma, ya ja tsaki. "Uwargida, wane sakarai ya liƙe nan da siminti? Da farar ƙasa aka gina shi don danshi ya riƙa fita. Yanzu ruwa na cinsa ta ciki."

"Mijina ne," in ji Hester. Wata shida marigayin ya yi a kan tsani yana liƙe bangon don kada sanyi ya kama ƙirjinta. Da ya gama, ya danna tafin hannunsa a ɗanyen simintin gefen ƙofa. Kullum sai ta dafa wurin kafin ta shiga.

"Don Allah ka bar mini ɗan wurin nan kawai!"

"Shi ke ɗauke da saman ƙofar. In na bari, kafin baɗi ya rufto miki."

Hester ta ɗora tafinta cikin na mijinta, ta daɗe. Sannan ta fizge gudumar daga hannun Aldous.

"Matsa. Ba kai za ka fasa shi ba, ni zan fasa."