Saitin Kyamarar Baba

Ƙananan sukudireba a cikin kwali. Hantsaki. Giris a 'yar kwalba. Auduga da ruwan wanke gilashi. Madubin ƙara girma. Fim biyu. Kaya kala uku. Tikitin komawa.

Abin da ke cikin jakata ke nan. Jakar tana kan cinyata, Yaya yana tuƙi. Ya ɗauko ni daga filin jirgi, mun maƙale a cunkoso bayan wata motar siminti.

"Wato don kyamara kika hau jirgi," in ji shi. "Ni da haƙori ya kwantar da ni bara, ko waya ba ki yi ba."

"Ban karanta haƙori ba."

Gyaran na'urorin ɗakin gwaji na karanta a waje, a can kuma nake aiki. Baba mai hoto ne. Ya daɗe da rufe shago, amma ya riƙe kyamara ɗaya, 'yar ƙarama ta fim da ke shiga aljihun riga. Ya kira ni ya ce saitinta ya ɓaci, komai biyu-biyu take nuna masa, kuma duk garin babu mai hannun taɓa ta. Ina da hutu, sai na taho.

"Jibi yake son zuwa wurin Tela," in ji Yaya.

Tela abokin Baba ne tun suna samari. Yana wani gari, yana kwance, an ce jikin ya yi nisa.

"Ya rantse sai ya ɗauke shi hoto da ita. Shi zai tuƙa, Mama a gefensa. Kin san hanyar, tireloli ne kawai."

"To?"

"To ki ce masa ba ta gyaruwa. In babu kyamara, babu tafiya."

"Me ya sa zan yi masa ƙarya?"

"Za ki gani, Auta."

Na gani tun daga ƙofar gida. Gefen motar Baba ya lotse, fitilar hagu an ɗaure ta da salatif. Ginshiƙin get ya ɓantare a daidai tsayin bambar motar. Mama ta fito ta rungume ni, da filasta a goshinta.

"Me ya same ki?"

"Ƙofar kabad ce."

"Kabad mai birki," in ji Yaya. Ta harare shi, ya ɗauki jakata ya shige.

Baba yana zaune a falo. Ya miƙe ya miƙo hannu zai dafa kafaɗata, hannun ya sauka a iska, ya ɗan matsa sannan ya same ta.

"Injiniya ta iso. Kin rame. Ba sa ba ku abinci ne a can, sai littafi?"

Washegari da safe na zauna a tsohon ɗakinsa na wankin hoto. Yanzu ɗakin tarkace ne. Na cire baƙin labulen taga, na shimfiɗa farin tawul a kan tebur don kada noti ya gangara ya ɓata. Baba ya kawo kyamarar a cikin safa, ya ajiye, ya ja kujera.

"Kar ki ɓalla mata komai. Ta girme ki."

Irin wannan kyamara, in ka leƙa 'yar tagarta za ka ga abu ya rabu biyu a tsakiya. Sai ka juya zoben da ke jikin gilashin gaba har biyun su haɗu su zama ɗaya. Sun haɗu, saiti ya yi, ka danna.

Zoben ya yi tauri. Na ji daɗin haka, don ko banza akwai abin gyara na gaske. Na kwance shi, na zana alama da tsinin allura a inda bututun tagulla biyu suka rabu, don in an mayar da su ta wani bakin saiti ya tafi ke nan. Ɗaya yana murɗawa ne cikin ɗaya kamar murfin kwalba. Tsohon giris ya daskare a tsaginsu, ya yi kore. Na wanke da auduga, na sake wankewa, na shafa sabo kaɗan. Da na mayar, zoben ya riƙa juyawa da ɗan yatsa ɗaya.

"Ka ji hannun gado," in ji Baba. "Ai na faɗa wa yayanki. Shi ko ƙwan fitila sai ya kira mai gyara."

Sai na ɗaga murfin sama. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan noti da ke karkata madubin da ke haɗa hoton nan biyu. Masu ƙera ta sun ɗiga masa jan fenti don kada ya motsa. Fentin ya farfashe. Kan notin ya cinye, tsagin ya buɗe, kewayensa duk karce. An juya shi dama, an juya hagu, ba sau ɗaya ba.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ni na ɗan taɓa."

"Da me?"

"Bakin wuƙa. Sun ƙi haɗuwa ne. In na haɗa su yau, gobe su rabu."

Na buɗe bayan kyamarar, na manna takarda mai shara-shara a inda fim yake kwanciya, na buɗe idonta, na nufi taga. Can nesa akwai wani dogon ƙarfen sadarwa. Na kai zoben ƙarshe, na duba da madubin ƙara girma. Ƙarfen ya fito a kan takardar tsaf, har sandunansa ana ƙirgawa. Sannan na lallaɓa notin nan da ya sha wuƙa, a hankali, har ƙarfen ya zama ɗaya a 'yar tagar. Na gwada da agogon bango. Na gwada da marfin ƙofa. Duk daidai.

Baba ya fita alwala, Mama ta shigo da shayi. Ta ajiye nesa da tawul ɗin, ta tsaya.

"Ta gyaru?"

"Ta gyaru."

Ta zauna a kujerarsa, ta shafa filastar goshinta.

"Kurar masu sayar da ruwa ya buge da mota, a tsaye take a bakin titi," in ji ta. "Ya ce biyu ya gani, ya kauce wa ɗaya. Allah ya sa mai ita ya je sayen abu."

"Kun kai shi asibiti?"

"Wa zai faɗa masa? Mutumin da da ido ya ciyar da ku? Yayanki ya fara, ya ce masa in ya sake ɗaga maganar kar ya ƙara taka gidan nan. Ki rufa mana asiri, Auta. Ki ce ta mutu."

"In na ce ta mutu, gobe ya fasa tafiya. Jibi fa? Kasuwa da ƙafa zai kai ki?"

Ta ɗauki tiren ta fita.

Da ya dawo na miƙa masa. Ya goge hannu a riga, ya kai ta idon dama, ya nufi taga. Ya juya zoben gaba, ya juya baya. Ya daɗe.

"Laushi kam ta yi. Amma har yanzu biyu ne."

"Sa ɗaya idon."

Ya sa.

"Wannan kuma hazo. Ba ki goge gilashin ba."

"Na goge. Baba, ajiye ta. Rufe idon hagu da hannu, ka dubi ƙarfen can. Nawa ne?"

Ya rufe, ya duba. Hasken taga ya faɗa cikin idon, na ga farin da ya kwanta a tsakiyarsa kamar an ɗiga madara a ruwa. Ya sauke hannun.

"Kyamarar lafiyarta lau. Ina jin yanar ido ce, likita zai tabbatar. Ana cirewa."

"Sun aiko ki ne?"

"Sun ce in gaya maka ba ta gyaruwa. Na ƙi."

"Da kin bi maganarsu, da ya fi miki mutunci." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na tura ki karatu ki gyara ƙarfe, kin dawo kina gyaran ubanki. Tela ba zai kai wata ba. Ni na ɗauke shi ranar da ya buɗe shago, da wannan ɗin. Ni zan ɗauke shi yanzu."

"Kai za ka ɗauka. Ni zan juya zoben, ka danna."

"Rabin mai hoto ke nan."

Makullin motar yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, inda yake tun ina yarinya. Na miƙe na zare shi, na sa a aljihu. Ƙarar ya ji, ya waiwayo.

"Mayar."

"A'a, Baba."

Ban taɓa ce masa a'a ba. Ya dube ni, ko ya dubi ɗaya daga cikin ni biyun da yake gani, ban sani ba. Ya nuna min hanya da kyamarar a hannunsa. Na fita, kayan aikina suna baje a kan tawul. Mama da Yaya suna tsaye a baranda, babu mai kallon wani.

Ya rufe ƙofar, na ji ya tura sakata.

Na matsa kusa da katakon yadda zai ji.

"Gobe da safe ni zan tuƙa ku wurin Tela. Daga can sai asibiti. Makulli yana hannuna, kuma ba zan koma ba sai an yi maka aikin idon."