Hoton Malam Sodangi a Jikin Kwalba

Malam Sodangi bai taɓa zuba magani a kwalba ba. Mai fama da ciwon shawara zai zo gidansa a Shagari, ya duba idonsa, ya ƙulla masa sassaƙe a ƙyalle, ya ce a dafa a sha. Wata safiya sai ga jami'an kula da magunguna daga Sakkwato, babbansu riƙe da wata kwalba. Hoton Malam ne a jiki, da rawaninsa, har da sunansa.

"Malam, maganinka ya kwantar da mutane a Bodinga," in ji jami'in. "Kuma ba shi da rajista."

"Ranka shi daɗe, huska dai tawa ta, amma wanga abu ban san shi ba."

'Yarsa Rahama ta leƙo ta gane hoton. Ranar sunan ɗanta aka ɗauke shi, lokacin kowa na ɗaga waya. Ta yi ta bayani, ba wanda ya saurare ta. Suka kwashe buhunan saiwa har da turmin daka, suka garƙame ɗakin maganinsa, suka bar lambar waya.

Ranar kasuwar Bodinga Rahama ta je da kanta. Tun daga bakin titi take jin sunan mahaifinta a lasifika. Wani mai suna Ashiru ne a bayan mota, mutane na ta miƙa hannu suna karɓar kwalabe.

"Kai, wa ya ba ka hoton babana?"

"Hajiya, ni ma sari nika yi," ya ce, ya ƙara wa lasifikar sauti.

Nan take ta kira jami'in. Ya ce ai sun riga sun rufe inda ake haɗawa.

"Ɗakin tsoho kunka ruhe! Ga mai abin nan gabana shina saidawa!"

"Yau ba mu da mota," ya ce, ya kashe wayar.

Ta fizgo kwalin kwalabe guda ta kifar a ƙasa. Mata suka rirriƙe ta suna ba ta haƙuri. Kafin ta dawo hayyacinta Ashiru ya tattara sauran ya ja motarsa.

Da ta koma gida ta tarar da wata mata daga Mandera, goye da yarinya mai ido rawaya, tana roƙon Malam. Yana zaune a tabarma, kansa a ƙasa.

"Ki kai ta asibiti, ɗiyata," ya ce. "Ni an hana ni."