Tantanin da Zinnira Ta Kawo Durun

Tun daga tashar Gwarzo Zinnira take dariya ita kaɗai, har matar da ke gefenta a mota ta ɗan matsa. Ina ruwanta. Shekarun da ta yi a jami'a tana dafa roba sun haifi ɗa: wani tantani siriri kamar ɓawon albasa, wanda in aka matse shi cikin ɗan akwati aka ba shi iskar haidirojin sai ya ba da wutar lantarki, ba fetur, ba hayaƙi. Jiya ya juya mata 'yar fanka, har ita Zinnira ta taka rawa a ɗakin bincike.

Bappa, ƙanin mahaifinta da ya riƙe ta, ya riga ya yanke magana: ko ya ga aikin nan da idonsa, ko ta tattaro ta dawo ƙauyensu Durun ta koyar a firamare.

Da ta iso gida aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, Gwaggo matar Bappa ta bar tatsar nono ta zo. Zinnira ta jona wayoyi, ta buɗe iska, baki har kunne.

Fanka ko motsi.

Ta cire, ta mayar, ta girgiza akwatin. Duk iliminta ya gudu ya bar ta.

"Kin kawo sabon abu gida ba a yi masa addu'a ba," in ji Bappa. "Ko maraƙi ba a yi masa haka. Miƙo moɗa."

Ya yi tofi a ruwan a tsanake, ya yayyafa ta ramukan akwatin. Jim kaɗan fankar ta yi rawar sanyi, ta juya, ta kama gudu har tana kaɗa gemunsa.

Sai a lokacin Zinnira ta tuna. Tantanin ba ya aiki sai da danshi, kuma zafin mota ya busar da shi ƙayau. Dariya ta ƙwace mata, ta zube a tabarma tana share hawaye, Gwaggo na rangaɗa guɗa.

"Bappa, ai shi dama..." Ta kalli yadda yake shafa gemu, ta haɗiye sauran.

"Koma makarantarki," ya ce. "Amma duk wanda kika ƙera, ki fara kawo shi nan. Malaman naku sun bar babban abu a baya."

"To, Bappa."