Cikin Jirgin Famau

Da hantsi teku ta janye, ta bar jirgin Famau kwance a kan yashin tsibirin Lamu, ya sha sabon fenti sai ƙyalli yake. Gobe zai kwashi 'yan kai amarya arba'in zuwa garin Faza, har da tsohuwar da ta haifi Famau. Abin da ya rage sa hannun mai duba jirage, kuma mai duban yayansa ne, Shebwana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shebwana ya iso da kyamararsa mai ganin zafi, ya tarar yaran jirgi suna ta sheƙa wa gefen jirgin ruwa. Ransa ya ɓaci, don ya san dabarar: in ko'ina ya yi sanyi, na'urar ba za ta bambance lafiyayye da ruɓaɓɓe ba.

"Wanka ake wa ango?" in ji shi. "Ku ajiye bokitan nan."

"Haba Yaya, sa hannu kawai ka zo ka sha gahawa," in ji Famau.

Shebwana ya koma gefe. Ya zauna har rana ta gasa jikin jirgin, sannan ya ɗaga kyamarar ya fara daga goshin jirgin. Ko'ina ja, alamar busasshen katako a ƙarƙashin faiba, robar da aka lulluɓe jirgin da ita. Bai yi taku biyar ba ya ci karo da wani shuɗin tabo mai faɗin tabarma, daidai inda ruwa ke bugu. Ya kira ƙanensa.

"Famau, cikin nan ya sha ruwa. Jirgin nan ba ya fita."

"Ka ji ɗan boko! Shekara ashirin ina ƙwanƙwasa jirgi da guduma ina jin muryarsa, yau akwatin Bature zai koya mini?"

"Zo ka gani da idonka."

Famau ya zo, amma ba gani ya kawo shi ba. Ya fizge kyamarar ya maka ta da anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ya sake makawa, gilashi ya tarwatse. Shebwana ya shaƙo wuyan rigarsa, Famau kuwa ya kai masa karo a hanci, jini ya ɓalle. Yaran jirgi, marasa kunya, suka rufar wa mutumin da ya girme su, wannan ƙafa, wancan filafili, har ya ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Masu gyaran taru suna daga nesa suna "ku bari, ku bari", ba wanda ya motsa.

Da suka gaji suka ja baya. Shebwana ya tofar da yashi da jini, ya rarrafa zuwa inda kafinta ya ajiye gizago. Suka zaci kansu zai yi, suka watse. Shi kuwa jirgin ya nufa, ya auna wurin da ya ga tabon, ya sara da iya ƙarfin da ya rage masa.

Famau ya kurma ihu, ya sauke masa filafili a hannu. Kafin ƙashin ya karye, gizagon ya riga ya shige kamar an sari gwanda. Baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsiyayo. Famau ya tsaya, ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu, ya damƙo katakon da ya dogara da shi, ya fito da shi caɓal kamar dusar da aka jiƙa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya dubi tsawon jirgin, taku talatin da ba a duba ba. Ya durƙusa gaban yayansa.

"Yaya, sai ina kuma? Nuna mini sauran."

Shebwana yana rungume da karyayyen hannunsa.

"Da me zan duba?" ya ce.