Ƙarfe a Ƙafa, Kilt a Ƙugu

"Siket ne," in ji Ghali. "Ki kira shi duk sunan da kika ga dama, siket ne."

"Kilt sunansa. Maza ne ke sa shi."

"Mazan ina?"

"Sikotlan."

"To ni ɗan Yakasai ne."

Radiyya ta cije leɓe. Suna tsaye a bakin wani ƙaramin shago a saman benen wata kasuwar sari da ke unguwar Liwan a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, irin shagunan da ke ɗinka wa Turawa kaya su tura musu. Mijinta ya rataya a kan sanduna biyu, gumi ya jiƙe masa jallabiya. Daga ƙasan gwiwarsa ta hagu zuwa idon sawu zobban ƙarfe ne manya, waɗanda likitoci suka ɗaure masa ƙashi da su tun ranar da mashin mai lantarki ya kwashe shi a ƙofar sito. Ba wandon da ke wuce zobban. Ta farke wanduna har ta gaji, yadin yana gogar wajen da ƙarfen ya shiga nama, zafin Guangzhou mai danshi ya sa wajen ya yi ruwa. Jallabiya kuwa ita ta kayar da shi a kasuwar Shiling, bakinta ya sarƙe da ƙarfen yana fitowa daga mota, ya kife a gaban masu jakunkuna, jini ya ɓata masa safa. A gida zani yake ɗaurawa, shi ma da ya kama sanduna sai ya fara zamewa, ba kuma hannun da zai tare shi.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar da yayansa Abdulrasheed, mai siton da Ghali ke wa aiki, ya yanke: ko dai ya dawo bakin aiki ranar Litinin, ko a sa shi a jirgi ya tafi Kano ya yi jinya a ɗakin Hajiya. Radiyya karatu take a wata jami'a a unguwar Tianhe, ba halin ta bi shi. Lallen bikinsu bai daɗe da barin farcenta ba. Tunanin ta dawo daga aji ta tarar da ɗakin shiru, ba takalminsa ƙwaya ɗaya a bakin ƙofa, shi yake hana ta numfashi.

"Malam," ta ce, kuma ba ta ce masa Malam sai ranta ya ɓaci, "ni ce nake wanke ƙarfen nan safe da yamma. Ni na ɗauko ka daga ƙasa a Shiling. Na duba duk abin da namiji zai iya sawa ba tare da ya zura ƙafa ba, wannan kaɗai na samu mai maɗauri da aljihu. In kana da wanda ya fi shi, faɗa min."

"Ki bar ni da zanina."

"Wanda ya faɗi a lifta gaban matar maƙwabcinmu?"

Ya kawar da kai. Jijiyar wuyansa ta tashi.

Mai shagon, wata mata mai gajeren gashi da tef ɗin awo a wuya, ta zuba musu ido. Radiyya ta shiga ta fara ɗaga kayan da ke rataye. Akwai na ulu mai zanen murabba'i ja da kore, mai kyau kamar a ajiye a kalla, amma nauyinsa kamar bargo, tsadarsa kuma ta sa ta mayar da shi da sauri. Akwai na fata mai sarƙoƙi, ko taɓa shi ba ta yi ba. Can ƙarshe ta ciro wani ruwan toka, na auduga mai kauri irin ta wandon makanikai, da manyan aljihu biyu a gefe da maɗaurai na ƙarfe. Ta kara shi a jikin Ghali.

"Bai rufe gwiwa ba," ya ce. "Da shi zan yi sallah? Ko wannan ma Sikotlan ɗin sun ba ki fatawa?"

Radiyya ta mayar da shi. Ta nemi mai tsawo, na dogayen Turawa, wanda ya sauko masa har ƙasan gwiwa, dab da zoben farko. Ta juya ga matar cikin Sinancinta na aji, ta kira ta Loban, wato mai shago.

"Loban, guda ɗaya nake so."

"Ɗaya? Meyo," in ji matar tana kaɗa hannu, wato babu. Nan sari ake, daga ɗari zuwa sama.

Radiyya ta roƙa, ta nuna ƙafar, matar ta tausaya da fuska amma ta sake cewa meyo. Ghali ya ja tsaki mai tsawo.

"Haka ake magana a kasuwa? Roƙo kamar a asibiti? Matsa."

Ya dogara ya matso, ya murza yadin da yatsu biyu, ya juya bayan ɗinkin yana yamutsa fuska kamar ya ga aibu, sannan ya ce wa matar samfur yake so ya gwada kafin a yi maganar oda. Nan take fuskarta ta sake, ta jawo masa kujera, ta faɗi kuɗin da bai kai na takalmi ba.

"Ba don zan sa ba ne," ya ce wa Radiyya. "Ba na son a raina mu ne."

"Na ji. Shiga ka gwada abin da ba za ka sa ba."

Bayan labule wajen ya yi musu kaɗan. Ya riƙe kafaɗarta, ta tattare masa jallabiya sama, tana jin hucin fushinsa a goshinta, da ƙamshin turaren da ta saya masa. Ta zagaya masa yadin kamar yadda hannunta ya saba tun tana ƴar shekara bakwai a gaban mahaifiyarta: ta kawo bakin ta soke shi a hagu, ta bar tattarar a gaba don a ganinta ado ba ya zama a baya. Maɗauran suka ƙi haɗuwa, sai ta cusa su ciki.

Ya fito gaban madubi, daidai lokacin da Abdulrasheed ya iso. Shi ya kawo su a mota, a zatonsa wando mai faɗi suka zo nema, ya gaji da jira a ƙasa ya biyo su.

Ya tsaya. Ya dubi ƙaninsa daga ƙugu zuwa ƙasa. Dariyar da ya yi ba mai ƙara ba ce, shi ya sa ta fi ciwo.

"Sannu Hajiya. Har da ɗaurin hagu? Saura ɗankwali."

Ghali ya sunkuya ya ga inda bakin yadin ya kwanta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ɗaurin mata kika yi min?"

"Wallahi hannuna ne ya..."

"Kin kawo ni tsakiyar kasuwa kin ɗaura min zani irin na mata. Ƙafa na karya, Radiyya. Ƙafa kawai."

Maganar ta soke ta. Hawaye ya taho, ta mayar da shi da ƙarfi, don ta rantse Yaya ba zai ga kukanta ba.

Mai shagon ba ta jin Hausa, amma ta ga ɓarnar da aka yi wa kayanta. Ta taho tana faɗa da yarenta, ta ja Ghali bayan labule, ta sa Radiyya ta kwance, ta nuna mata da hannu: tattara a baya, shafaffen a gaba, baki ya kwanta a dama. Maɗauran suka shige da ƙaramar ƙara. Ta bugi ƙugunta na dama ta nuna Ghali, ta bugi na hagu ta nuna kanta da Radiyya.

"Ka gani," in ji Radiyya, "su ma na mazansu dama ne. Ni na yi kuskure, ba kayan ba."

"Dama ko hagu, ba za ka shigo min sito da wannan ba," in ji Abdulrasheed. "Ƴan Kwari da ƴan Maraɗi ne ke cika wajen nan. Mutum ɗaya ya ɗauki hotonka, kafin la'asar ya zaga Kano. Ni dai na riga na yi magana da Hajiya, an share maka ɗaki. Teburinka kuma Lukman ya iya shi."

"Lukman ƙanin matarka?"

"Yana ƙoƙari."

"Tun yaushe?"

Abdulrasheed ya duba wayarsa maimakon ya amsa.

"Ashe Litinin ɗin da ka ce min ta baka ce," in ji Ghali a hankali. "Ka san ba abin da zan sa na fito. Jira kake na kasa."

"Don lafiyarka ne. Ita ɗaliba ta yi karatunta, in ta gama ta same ka."

"Yaya," in ji Radiyya, ba ta ɗago ido ba amma kowane harafi ya fita, "ba kaya ba ne da za a auna shi a tura Kano."

Ghali ya zaro wayarsa daga aljihun jallabiyar da ke tattare a ƙirjinsa, ya jefa ta aljihun kilt ɗin. Ya cire jallabiyar gaba ɗaya ya miƙa wa matarsa, ya rage daga shi sai farar riga mai gajeren hannu. Ya gyara sandunan ya fita barandar kasuwar. Ya wuce shagon masu huluna, ya wuce na masu bel, masu turin kaya suna kauce masa, wasu suna kallo. Ba abin da ya zame, ba abin da ya sarƙe. Iska ta taɓa ciwon, ya ji sanyin da ya manta da shi. Radiyya ta ƙanƙame jallabiyar tana kallon bayansa, tattarar tana kaɗawa da kowane taku, haushinsa bai bar ta ba, amma zuciyarta ta ƙi yi mata biyayya, bugawa take kamar ranar da ya fara zuwa zance.

Ya juyo ya dawo, yana haki, fuskarsa a murtuke. Bai kalle ta ba, ya dai tsaya kusa da ita har kafaɗarsa ta taɓa tata.

"Loban, ƙaro baƙi irinsa," ya ce, sannan ya dubi yayansa. "Ka gaya wa Hajiya ta rufe ɗakinta, ba inda za ni na bar matata. Ka gaya wa Lukman ya tashi daga teburina. Litinin da wannan zan zo sito, wanda zai ɗauki hoto ya zo da wuri."